Yadda ake fitar da sabon irin fulawar kirisantimam ta sayarwa, a zafin Sakkwato

Duk wanda ya taɓa shiga babban wurin biki a Abuja ko Legas ya ga fulawar gaske jere bisa tebur, ba ta roba da munka saba da ita nan gida ba, to da wuya in bai ga kirisantimam ba ko da bai san sunanta ba. Ita ce mai fure cunkus fari ko rawaya ko ruwan hoda, kara guda ya ɗauko fure biyar shida. Bayan fulawar ros ita ce ta biyu a kasuwar fulawar yanka ta duniya. Asalinta daga Sin ne, can anka fara nomanta shekaru sama da dubu biyu da sunka wuce, ta ƙetara Japan har ta zama tambarin gidan sarautarsu. Dangin latas ce da shuwaka da tazargade, in ka murza ganyen ka shinshina za ka ji 'yan uwantakar. Sunan ya yi tsawo, ni dai kirisanti nike ce mata, haka za mu tafi.

Kafin mu shiga aiki sai ka fahimci halinta guda biyu, in ba haka ba wallahi wahalar banza za ka sha.

Na farko, tsawon dare ne ke gaya mata ta yi fure. Muddin yini bai kai kamar awa 13 da rabi ba, dare ya yi tsawo, to fure za ta kama. Mu kuwa nan Sakkwato yininmu mafi tsawo a watan Yuni bai cika awa 13 ba, a Disamba kuma ya sauko wajen awa 11 da minti 20, ka ga ke nan a wurinta kullum lokacin fure ne, shi ya sa in ka dasa ta ka bar ta haka nan sai ka ga ta yi fure tana 'yar guntuwa ko taƙi biyu ba ta kai ba, wa zai sayi wannan? Maganin shi ƙwan lantarki. Ana kunna mata wuta tsakiyar dare, daga ƙarfe 10 zuwa 2, awa huɗu, sai ta ɗauka daren gajere ne ta ci gaba da tsawo. Ba haske mai yawa take so ba, wanda za ka iya karanta takarda da shi a daidai kan ganyen ya isa. Amma kada ka dogara da wutar gari, dare biyu uku in sunka wuce babu wuta ta riga ta ɗaura niyyar fure kuma ba ta komawa baya da daɗi. Ƙaramar sola da batir da ƙwayaye masu cin wuta kaɗan, da taima mai kunna wuta da kashewa da kanta in ka samu, su ne kayan aikin farko tun kafin ka sayi iri.

Na biyu zafi. Ta fi son dare mai sanyi, digiri 16 zuwa 20. In daren ya haura 25 sai fure ya yi ta jinkiri, ko ya fito a karkace, ja da ruwan hoda su koɗe su koma kamar tsohon zane da ya sha rana. Irin da ke kasuwa yawanci kamfanonin Holan ne sunka fitar da su, su Dümmen Orange da Deliflor da Royal Van Zanten, a gidajen gilashi masu sanyi anka tantance su, ko dashen da suke nomawa a Afirka ma yawanci a tudun Yuganda da Tanzaniya da Habasha. Ba wanda ya tantance su a watan Afirilu na Sakkwato. To nan ne kasuwarka take malam. Ba za ka fi Holan kuɗi ko injina ba, amma kana da rariyar da ba su da ita, wato bazararmu. Abin da za ka nema shi ne, cikin ɗiyan da za ka samu in ka barbara iri biyu, wanda zai sha wannan zafi ya kuma yi fure a kan lokaci da dogon kara.

To bismilla. Matakin farko ka rubuta abin da kake so a littafi, layi ɗaya, misali: fari tas, mai rassa, kara santimita 70, ya yi fure sati 8 bayan kashe wuta, kada zafi ya hana shi. Kada ka ce komai kake so. Mai neman komai a kirisanti ba ya ƙarewa da komai don ɗiyan da za su fito kala-kala ne, kowanne da abin da zai ruɗe ka.

Sai iyaye. Ka nemo aƙalla iri biyar zuwa goma mabambanta. Wajen masu fulawa na Jos da Abuja da Kaduna ana samu, kuma ka zagaya gidajen mutane da ofisoshi nan cikin gari, in ka ga wata tsohuwar kirisanti da ta shekara biyu uku a tukunya ba ta mutu ba, roƙi reshe, ko furenta bai da kyau, don ita ta riga ta ci jarrabawar da sauran ba su zauna ba. In daga waje za ka shigo da dashe to sai da takardar izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS, kada ka sa a jakar hannu ka jawo ma kanka magana, ga kuma cutar farar tsatsa da ke bin dashe. Duk abin da ka kawo ka ware shi gefe sati uku ka ga lafiyarshi. Wanda ya tsugune ya ƙi tsawo, ganye ƙanana, fure ƙarami, cire shi ka ƙone, akwai cutar tsumburewa da ke bin wuƙa da hannu kuma ba ta da magani.

Lissafin lokaci shi ne ka sa iyayen su yi fure a tsakiyar ɗari, Disamba zuwa Janairu. Don haka ka kafa yankan rassa a Agusta ko Satumba ƙarƙashin wuta, ka kashe wutar daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Akwai mai fure a sati 7 bayan kashe wuta, akwai mai 9, akwai mai wuce 10, tunda ba ka san halin kowanne ba a shekarar farko sai ka dasa kashi uku ka kuma kashe musu wuta da tazarar kwana goma-goma don uwa da uba su haɗu a rana ɗaya. Ni shekarata ta farko kashi ɗaya na dasa, uban ya yi fure ya bushe uwar ba ta ko buɗe ido ba, haka na zauna na jira wata shekara.

Yanzu ga inda aikin yake, ka natsu. Abin da kake kira fure ɗaya ba ɗaya ba ne, taron ƙananan furanni ne ɗaruruwa bisa faifai guda. Ɗauki ɗaya ka yage shi a tafin hannu. Masu dogon harshe na gefe, waɗanda ke ba shi kala, mata ne zalla. 'Yan gajerun bututu na tsakiya masu rawaya su ne mata-maza, su ke fitar da garin barbara, wannan ƙurar rawaya da ke maƙale maka a yatsa. Fure mai cika sosai wanda ba a ganin tsakiyarshi kusan duk mata ne, bai da gari, don haka shi ake sawa uwa. Mai buɗaɗɗen ido a tsakiya shi ke da gari da yawa, shi ne uba.

Ka zaɓi furen uwa da ya buɗe kamar rabi. Da almakashi ka aske dogayen harsunan nan ka bar kamar rabin santimita, a hankali, kada ka sare har ƙasa don a cikin bututun kan macen yake. Sai ka sa hantsaki, irin na cire ƙaya, ka tsince 'yan bututun tsakiya duka tun ba su fashe ba. Gaskiya kirisanti ba ta cika karɓar garin kanta ba, amma cire su ya fi don ka tabbatar da uban ɗiyanka. Ka rufe kan da ambulan ta takarda ka ɗaure da zare. Takarda na ce, ban da leda, leda na tara gumi kan ya ruɓe cikin kwana uku. Furen uban ma ka rufe shi tun bai buɗe ba don ƙudan zuma kada su kawo maka garin wani.

Bayan kwana biyu zuwa huɗu ka buɗe ka duba, in kana da gilashin ƙara girma irin na masu gyaran waya ya fi. Za ka ga wani siririn zare ya leƙo daga kowane bututu, kanshi ya rabu biyu kamar gwafa. In gwafar ta buɗe to ta shirya. Da hantsi, ƙarfe 9 zuwa 11, lokacin da raɓa ta tafi gari ya bushe, ka kaɗa furen uban bisa baƙin faranti ko ka shafo garin da ƙaramin buroshi mai laushi irin na 'yan makaranta masu zane, ka ɗiɗɗiga bisa gwafannin nan. Ka maida ambulan. Ba rana ɗaya ake yi ba, don furannin daga gefe suke nuna suna shiga ciki, sai ka maimaita kowane kwana biyu har sau uku ko huɗu. Duk sanda za ka canza uba ka tsoma buroshin a sifirit ya bushe tukuna, ko ka ware ma kowane uba nashi. Nan hunturu ke mana rana, busasshiyar iska na sa gari ya zuba da kyau kuma kan bai ruɓewa kamar a ƙasashe masu laima, sai dai in ƙura ta yi yawa ka yi aikin a cikin rumfa.

Rataya 'yar takarda: sunan uwa, sunan uba, kwanan wata. Da fensir. Biro da maka rana na cinye su, na taɓa tashi da kai goma sha huɗu babu wanda na san ubanshi.

Kada ka yi haɗi ɗaya ka zauna. Wasu haɗin ko ƙwaya ɗaya ba za su ba ka ba, jininsu bai haɗu ba ke nan, wasu su ba ka biyar, wasu talatin. Ka yi haɗi goma ko ashirin, kowane a kai uku huɗu, ka kuma juya, wanda ya zama uwa yau gobe ya zama uba in yana da gari. Daga nan ban ruwa a gindi kawai, kada ruwa ya taɓa kan. Sati shida zuwa takwas kan zai bushe ya yi ruwan ƙasa, ka yanke, ka ƙara shanya shi a inuwa sati guda, ka murje bisa farar takarda. Irin ƙanana ne dogaye baƙi-baƙi, mai ciki za ka ji shi da tauri a farce, fanko kuwa lallausa ne kamar ƙaiƙayi.

Wannan zai kai ka Fabrairu ko Maris, kuma ban ba ka shawarar shuka a bakin bazara ba, jarirai ne ba za su kai ba. Zuba a ambulan, sa a kwalba mai murfi da ɗan busasshiyar shinkafa ta tsotse laima, ajiye a firij wajen kayan miya, ba wajen ƙanƙara ba. In damina ta zauna, Yuli zuwa Agusta, sai ka shuka a tire ko faffaɗan kwano mai huji, rairayi mai laushi da ruɓaɓɓen taki da ƙonannen ƙaiƙayin shinkafa, ka barbaɗa ƙasa sama-sama kawai. Rumfa mai rufi don ruwan sama kada ya tone su, gidan sauro ya kare ƙwari. Sati ɗaya zuwa biyu za su tsiro. In sun yi ganye huɗu zuwa shida ka maida kowanne ledarshi ka ba shi lamba, misali 7-23, wato haɗi na 7 ɗa na 23, kuma wuta na kunne musu da dare tun daga nan.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne ɗiyan uwa ɗaya uba ɗaya ba mai kama da wani. Dalili kuwa yawancin halittu kwafi biyu suke ɗauke da shi na kowane ƙullin gado, ɗaya na uwa ɗaya na uba, ita kuwa kirisanti shida gare ta, ƙulli 54 gaba ɗaya, sai gadon ya cakuɗe iya cakuɗewa. Fari da fari na iya haifo rawaya, don fari na danne rawaya ya ɓoye shi. Shi ya sa kamfanoni ke shuka dubbai kafin su fidda guda. Kai ka fara da ɗari uku zuwa ɗari biyar, gwargwadon filinka da ruwanka. Shuɗi dai kada ka ɓata lokacinka, babu shi a jininta, sai a 2017 masu bincike a Japan sunka samar da shi ta hanyar dasa mata gadon wasu furanni a ɗakin gwaji, wanda kake gani a shago shuɗi shar rini ne.

Dasa su a fangali mai tudu wanda ruwa bai kwanciya, jigawa mai taki ta fi laka, kuma ka ɗanɗana ruwan rijiyarka, in yana da kanwa-kanwa bakin ganye zai ƙone. Ka shimfiɗa raga mai ido santimita 12 da rabi, kowane ido tsiro guda, kana ɗaga ragar sama suna tsawo don kara ya miƙe. In sun kai santimita 30 ka kashe wuta ka rubuta ranar. Daga ranar nan kake ƙirga sati.

Ranar zaɓe sai ka cire tausayi. Zagaya da littafi da safe. Mai karkataccen kara, waje. Mai wuyan da ke lanƙwasa, waje. Wanda ya wuce sati 10 bai buɗe ba, waje. Mai zubar da ganyen ƙasa, wanda darɓa ta fi so, wanda 'yan ƙwarin nan da ke sa ganyen albasa fari-fari sunka cinye ma fure alhali maƙwabcinshi lafiya lau, duk waje. Cikin ɗari in ka bar biyar ka yi ƙoƙari. Mai ɗakina takan tsaya ta ce haba malam wannan ai ya fi kowanne kyau, in ce mata kyau a gona daban, kyau bayan kwana a mota daban. Ban hana ta dasa shi a tsakar gida ba dai.

Waɗanda sunka tsira ba da iri za ka yaɗa su ba, in ka shuka irinsu wani abu daban zai fito. Da reshe ake yi, kamar yadda ake dasa rogo da karanshi. Ka sare tsiron ka bar gindi, ka maida shi ƙarƙashin wuta ya yi sabon toho, ka karyo kan toho santimita 5 zuwa 7 da hannu, in da reza ne ka tsoma ta a sifirit tsakanin gindi da gindi. Tsoma gindin a garin sa saiwa in kana da shi, kafa a jiƙaƙƙen rairayi a inuwa kana yayyafi sau da yawa a yini, kwana 10 zuwa 14 ya yi saiwa. Ka rubuta wanda ke saurin saiwa da wanda ke ba da toho da yawa, don irin da bai yaɗuwa da sauƙi ko ya kai zinari kyau ba manomin da zai karɓe shi.

Sai babbar jarrabawa. Kowane zaɓaɓɓe ka yi mashi dashe ashirin zuwa talatin, ka raba, kashi ɗaya ya yi fure a ɗari, kashi ɗaya ka saita shi ya yi fure a Afirilu ko Mayu ƙarƙashin ragar inuwa, wani kashin a zafin Oktoba bayan ɗaukewar ruwa. Ka dasa irin kasuwa guda a gefensu don ka samu ma'auni, in ba haka ba ba za ka san naka ya fi ko bai fi ba. Abin da kake kallo shi ne kwana nawa zafi ya ƙara mashi. Wanda ya yi sati 8 a Disamba ya yi 9 a Afirilu, riƙe shi da hannu biyu. Wanda ya koma 13 ko ya yi toho ya ƙi buɗewa, na ɗari ne kawai. A bazara ka riƙa duba bayan ganye, akwai 'yan jajayen gizo-gizo ƙanana kamar garin barkono masu son zafi da fari, su ne manyan maƙiya a lokacin, ga gara a gindi. Kuma ka aje gindin kowane zaɓaɓɓe wuri biyu daban, ko gidan ɗan'uwa ne, akuya ɗaya na iya cinye aikin shekara uku kafin a sallame la'asar.

Gwajin kwalba kuwa haka nike yin shi. Na yanka da sassafe lokacin da fure uku huɗu sunka buɗe a kara, in cire fure na tsakiya tun yana toho in mai rassa nike so, in kuwa babban fure guda ne sai in cire na gefe. In zage ganyen ƙasa, in shayar da su ruwa awa biyu, in naɗe a jarida in sa a kwali in aje a ɗaki yini da kwana babu ruwa, kamar dai sun hau mota zuwa Abuja. Washegari in datse gindi in sa a kwalbar ruwa mai tsabta, in fara ƙirga. Mai kyau ya kamata ya kai sati biyu. Ka lura da ganye fiye da fure, sau da yawa ganye ke fara rawaya furen na nan garau, kuma mai saye ganyen zai gani. Ka kuma girgiza kwalin da ƙarfi, wanda harsunanshi sunka zube ya faɗi.

Wannan zagaye na gwaji sai ka maimaita shi shekara biyu uku, kana ƙara yawan dashe kana rage yawan iri, ka kai wasu lambun wani a fadamar Kwalkwalawa ko Wurno ko Goronyo ka ga ko halin na nan a hannun da ba naka ba, ka kai dami wurin masu kwalliyar wurin biki da otal su faɗa maka gaskiya. Daga barbara zuwa kasuwa ka sa a ranka shekara biyar ko fiye.

Wani abu da kan faru ana cikin haka, sai ka ga reshe ɗaya a gindin mai ruwan hoda ya fito da fari ko rawaya ko ruwan tagulla shi kaɗai. Kirisanti ta shahara da wannan. Ka kafa dashe daga wannan reshen, in ya riƙe kalar zagaye biyu uku bai koma ba to ka samu sabuwar kala a bagas da duk sauran halayen uwar. Mai ruwan hoda ya fi yin haka, rawaya kuwa da wuya ya sake zama wani abu, shi ya sa masu sana'ar ke murna in zakaransu ya fito ruwan hoda.

In ka tabbatar ka samu, maganar rajista ta taso. Najeriya ta yi dokar kare haƙƙin masu fitar da sabon iri a 2021, ofishin na ƙarƙashin hukumar iri ta ƙasa, NASC, a Abuja. Abu uku za a duba: ya bambanta da duk wanda anka sani, duk dashen kamarsu ɗaya, kuma bai canzawa in an yi ta yaɗa shi. Kada ka fara saida dashe barkatai kafin ka shigar da takarda don sabuntarshi na cikin sharaɗi. Yin barbara da irin kamfani mai rajista ya halatta, amma in reshen irinsu ne ya canza kala a hannunka to har yanzu da haƙƙinsu a ciki, sai da yardarsu. Littafin nan naka mai lambobi da kwanan wata da hotunan kowane zagaye shi za ka ɗauka ka tafi da shi, don haka tun ranar barbarar farko ka samo mai bango mai ƙarfi, ka riƙa ɗaukar hoton shafukan a waya kuma.